Batirin Kekena

Daren Laraba aka cire batirin kekena
a ƙofar gida, nan Unguwar Mu'azu.
Kafin azahar an san hannun da ya ɗauka:
Zailani, ɗan Kande mai awara,
shekara goma sha biyar,
yaron da na ci naman sunansa.

A ofishin 'yan sanda aka ce in sa hannu,
daga nan sai kotu,
sai ma'aikacin da zai riƙa duba shi duk Litinin
da biro da ƙaton fayil.
Na riƙe biron.
Sai na tuna ƙanena Haladu
da aka rufe saboda rediyo guda,
ya fito bayan wata tara ya iya buɗe kowane kwaɗo
amma ya manta yadda ake gaida uwa.
Na ajiye biron.
Ba yafewa na yi ba. Ajiyewa dai na yi.

Bayan isha'i muka zauna a zauren mai unguwa.
An ɗauke wuta, aka kunna fitilar waya.
Kande na kuka a cikin mayafi,
yaron na kallon silifas ɗinsa
kamar a nan aka rubuta amsa.
Malam Tanimu ya ce a zane shi.
Inna Delu ta ce, bulala nawa ya sha tun rasuwar ubansa,
wacce a ciki ta taɓa dawo da abin wani?
Sai Bitrus mai walda,
wanda rakiya kawai ta kawo shi,
ya ce, ku ba ni shi,
a Panteka ba ma jefar da ƙarfe don ya lanƙwashe.

Aka yanke: dubu biyu duk Juma'a har kuɗina su cika.
Mai horar da 'yan ƙwallon layinmu ya riƙe shi da yamma,
Inna Delu ta leƙa ɗakinsa ƙarfe tara.
Ni kuwa, nan ne ƙashin ya tsaya mini a wuya,
ni zan kai shi aiki kowace safiya
a keken da ya cire wa zuciya.

Sati uku ba wanda ya ce uffan.
Ina ganin idonsa a madubi,
yana ganin ƙeyata.
Daga gida har Tudun Wada
injin ne kaɗai ke mana magana.

A wata na biyu ya ɓace kwana uku.
Aka tsinto shi bayan layin dogo,
ido jajir, kwalbar maganin tari a aljihu.
Na ce shi ke nan, a kai shi inda fayil yake.
Bitrus ya goge hannu da tsumma, ya ce,
waldar farko takan ɓalle,
kankarewa ake yi a sake ɗorawa.
Maganar ba ta yi mini daɗi ba.
Na kwana ina juyi, ina lissafin asarata.
Da safe dai na tsaya a ƙofarsu, na danna hon.

Jiya ya kawo biya na goma sha huɗu,
takardun sun yi baƙi, suna warin ƙarfe.
A hanya keken ya mutu kusa da Kasuwar Barci,
motoci na ta zagina daga baya.
Ya sauka bai tambaye ni ba,
ya ɗaga kujera, ya cusa hannu,
ya ce, Kawu, waya ce ta saki.
Na ce, ai wa ya fi ka sanin wurin.
Ya sunkuyar da kai,
sai dariya ta ƙwace mana mu biyu.

Saura Juma'a shida.
Ban san abin da zai zama ba, ba na duba.
Har yau da dare ina kulle batirin a cikin keji,
in ja kwaɗon sau biyu kafin in shiga.
Kejin ya ɗan karkace ta gefen hagu.
Shi ya haɗa mini, bai karɓi ko sisi ba.